Lanƙwasasshiyar Ƙusa

Kalmomi biyar ne kacal a kan allon, amma sun isa su raba kan gida.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Kafinta, magana ta ɗauke masa in ban da kalma ɗaya: "To." Da ita ya fito daga asibiti, kamar wanda gobara ta cinye wa gida ya tsira da cokali. In an kawo shayi, to. In an ce za a ɗauke shayin, to. Da can "to" ɗinsa iri-iri ce. Akwai ta yarda, akwai ta "za ka gani", akwai wadda yake ja da tsawo in mai kawo aiki ya fara koya masa yadda ake haɗa kujera. Yanzu da rabin fuskar ya daina motsi, duk sun koma abu ɗaya, a shimfiɗe kamar katakon da aka goge. Gyaɗa kai ma ba abin dogaro ba ne, don likita ya riga ya gaya musu masu wannan ciwo sukan gyaɗa kai alhali a'a suke nufi.

Gidan nasu bene ne. Ƙasa shagon aikinsa ne, ƙofarsa na kallon titi, sama kuma ɗakuna biyu da kicin. Tsakaninsu akwai matakalar katako da ya haɗa da hannunsa tun yana iya ɗaukar ƙyaure shi kaɗai, a miƙe take kamar tsani, don a lokacin bai kawo wa ransa shi da matarsa za su tsufa ba. Ranar da aka sallamo shi, a kan kujera maƙwabta suka hau da shi, suna nishi yana cewa to. Tun ranar bai sauko ba.

Babba, ɗansu na fari, shi ya kawo shawara: a kwashe kayan shagon a raba wa waɗanda Baba ya koya wa aiki, a kira magini ya fitar da banɗaki a lungun da ake jingine katako, a sauko da gadon tsofaffin ƙasa. Har ya yi magana da maginin ya ce ya zo ranar Asabar. Da labari ya kai wa Auta, ƙanwarsa, sai ga ta ko mayafi ba ta gyara ba.

"Yaya, mutum na da rai za ka raba masa gado?"

"Wane gado? Zarto da guduma?"

"In ka fitar da teburin aikin nan, Baba ka fitar. Abin da ke sa shi cin abinci ke nan, yana sa rai wata rana zai sauka ya kama aikinsa."

"Da wane hannun? Ke kina zuwa da lemo a leda, ki yi kukanki ki tafi. Ni ke ciccibarsa zuwa wanka."

"Ji shi! Sai ka ce Baba buhun siminti ne."

Uwarsu, wadda kowa a unguwar ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyar da harshe a firamare, ta bar su suka yi mai isarsu. Sannan ta ce mai shago dai yana nan kwance yana jin su, kunnensa bai shanye ba, a tambaye shi mana. Ta ɗauko ɗan allon da ya yi wa Auta tana koyon baƙaƙe, fentinsa ya koɗe a tsakiya, ta ɗora masa a cinya, ta sa masa alli a hannun hagu. Babba ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan, Auta na tsoma baki. Kafinta ya daɗe yana fama, gumi na tsattsafo masa a goshi, harafi na hawa kan harafi kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da ya gama ya saki allin. Ga abin da ya rubuta:

kada a bari a yi

"Madalla!" in ji Babba. "Kun gani ko? Kada a bari, a yi."

"A ina ka ga haka?" in ji Auta. "Kada a bari a yi. Wato a hana ka."

"Ke dai tun kina ƙarama karatunki a guje ne, ba birki."

"Kai kuma naka da tsayawa inda ba tasha."

Suka ce ya sake rubutawa, ko "i" ko "a'a" kawai. Auta ta kai hannu za ta goge allon, sai ya dafe shi da tafin hannunsa, ya zare mata idon da ke buɗuwa sosai. Duk wanda ya san Kafinta ya san magana ɗaya yake yi. In ya gaya maka ƙofa za ta kai wata biyu, ko ka tambaya sau goma ba zai sake buɗe baki ba. Ya faɗi tasa, ga ta nan, mai ido ya karanta.

Sai duk suka juyo kan uwarsu.

"Mama, ke ce alƙali," in ji Auta. "Ba ke kika koya mana ba? In babu waƙafi ba a tsayawa. Akwai waƙafi a nan? Babu. To magana ta ƙare."

Ƙa'ida kam tana bayan Auta, Malama ta san haka. Ta kuma san zuciyarta ma tana bayan Auta. Ba ta son ganin shagon nan a share, da tayil a ƙasa da labule a taga. Da ta buɗe baki ta ce haka ne, Babba ba zai ja ba, don a gidan nan ba a jayayya da ita a kan rubutu. Amma ta tura tabarau saman hanci ta ce:

"Mutumin da bai taɓa sa hula ba, in kika gan shi ba hula, za ki ce zafi yake ji? Ubanku tun da nake da shi bai taɓa rubuta waƙafi ba. Rashinsa a nan bai nuna komai ba sai cewa shi ne ya yi rubutun."

"To yanzu yaya za a yi?" in ji Babba. "Ga magini zai zo."

"Ku tafi gidajenku. Ɗalibina ne, akwai darasin da ya tsallake."

Kafinta, daga kan gado, ya ce, "To."

*

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya fara faɗin haka bai zauna da kafinta ba. Ɗanyen icce in ka tanƙwara shi yau, gobe ya bushe ya murɗe ya koma inda ya ga dama. Duk kujerar kirki da busasshen katako ake yin ta. Malama ta koyar da ɗanyun yara aji bayan aji, ta ga da yawansu sun girma sun zama manya a ofis suna rubutu kamar ba su taɓa shiga ajinta ba. Ɗalibin da darasinta ya zauna masa daram kuwa da gemunsa ta same shi.

A shekararta ta biyu da fara koyarwa aka ɗauko Kafinta gyaran bencina. Ajinta na ƙarshen baranda ne, tagoginsa ba gilashi, kuma a gindin tagar ya baje kayansa. Ranar tana koyar da alamomin rubutu yadda ta saba, da kalma ɗaya tak. Ta rubuta "to" sau huɗu a allo. Ta sa wa ta farko aya, ta biyu alamar tambaya, ta uku alamar motsin rai, ta huɗu waƙafi. Yara na karantawa suna dariya: ga ta mai haƙuri, ga ta mai neman rigima, ga ta wanda ya ga kunama a takalmi, ga ta mai shirin kawo dogon labari. Tana cikin bayani ta lura bugun guduma ya tsaya. Ta leƙa, sai ga mutum da fensir a bayan kunne, ƙusoshi a baki, ya zuba wa allo ido.

"Malam, in karatu kake so, akwai wuri a bencin baya. Kai ka gyara shi."

Ya zare ƙusoshin daga bakinsa. "Malama, wancan ɗigon na gane shi. Kan ƙusa ne, an buga ta ta shige, aiki ya ƙare. Amma wancan mai wutsiyar fa?"

"Waƙafi ke nan. Wurin da ake ɗan tsayawa a ja numfashi, kafin a ci gaba."

"Lanƙwasasshiyar ƙusa ce," in ji shi. "Mu a wurinmu, wanda ya bar irinta a jikin aiki ba a sake kiransa."

Ajin ya ɗauki shewa. Ta kai mako tana hana yara cewa "lanƙwasasshiyar ƙusa" a jarrabawa.

Da ya gama bencina sai ya gano allon ajinta na buƙatar sabon fenti, alhali ba wanda ya ce masa. Da ya gama allon sai ya ga ƙafar teburinta na rawa. Wata safiya ta shigo ta tarar da allo baƙi wul, yana sheƙi, a can ƙasan kusurwa kuma an gwada alli da manyan haruffa: MALAMA TAFI DUKA. Ta same shi a baranda yana ta auna wani katako da bai buƙaci awo ba.

"Korata kake yi? Ina zan tafi? Kuma duka, ko takalmi kada in bari?"

Ya rikice, ya ce shi fa ba haka yake nufi ba, cewa ya yi ta fi sauran malaman.

"To, ta daban, fi daban. In ka haɗe su ka kore ni. In ka raba su ka yabe ni. Zaɓi ɗaya."

Ya shiga ajin, ya sa babban yatsa ya goge, ya sake rubutawa da tazara mai faɗin da akuya za ta wuce. Daga baya yakan gaya wa yara wai tazarar nan ce ta yi masa aure.

Bayan sun tare a benen nan, kowace yamma in ya share dusar katako, sai ta sauko da kujerarta ta zauna a gefen teburin aikin, tana duba aikin yara, shi kuma yana nasa darasin a kan guntun katako. Rabon kalma ya kama shi da wuri, don ya ce ko katako sai an bar masa wurin numfashi. Babban harafi a farkon jimla bai ba shi wuya ba, ya ce ai kowane gida da ƙofarsa. Haruffa masu ƙugiya kuwa duniya ce ta koya masa. Ya rubuta a ƙofar shago wai "akwai fentin baki", yana nufin baƙi, sai ga wata mata ta shigo da 'yarta tana tambayar ko yana da ja, kuma ko yana fita in an ci abinci. Daga ranar, ƙugiyar da yake sa wa harafi sai ka rataya riga a kai. Aya kuwa ita ce masoyiyarsa. Yakan danna fensir ya murza har takarda ta huje.

Waƙafi ne kawai ya ƙi. Ta kawo misalai, ta yi lallashi, ta yi gori. Ya ce mai karatu ai yana da huhu, in numfashinsa ya ƙare zai tsaya da kansa. Ta ce wata rana rashin waƙafi zai jawo masa abin da bai shirya ba. Ya ce in ranar ta zo ta tashe shi. Abin haushin shi ne, mutumin nan bai taɓa zubar da lanƙwasasshiyar ƙusa ba. Yana da wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin teburi, duk wadda ta lanƙwashe sai ya jefa ciki, wai zai miƙar da su in ya sami lokaci. Gwangwanin ya cika, aka yi ƙari da na biyu, lokacin bai samu ba.

*

Washegarin rigimar yara, Malama ta ja kujera gaban gado, ta goge tabarau da gefen zane.

"Ranar ta zo, Kafinta. Ka ce in tashe ka, ga ni."

"To."

Ba ta taɓa allonsa ba, don ko ta matso da hannu sai ya dafe. Ta sami murfin kwali ta rubuta jimlar sau biyu, ɗaya da waƙafi, ɗaya babu. Ta karanta masa ta farko a tashi ɗaya, ta ce wannan shago na nan yadda yake. Ta karanta ta biyu, ta tsaya bayan "bari" har sai da ta ji ƙarar wani babur ya wuce a titi, sannan ta ce "a yi". Ta ce wannan kuma magini ya shigo. Ta ce ya nuna ɗaya da yatsa. Ya dubi kwalin, ya dube ta, ya ɗaga yatsa ya ƙwanƙwasa allonsa.

"Na ga naka. Naka ne ba ya karantuwa. Na zaci taurin kai ma ciwon zai shanye rabinsa, ashe shi ya bari cif."

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

Kwana na bin kwana suna haka. Da safe darasi, da rana ya yi barci, da yamma darasi. Wata rana ta ga kamar ya sakko, ya ɗauki alli ya kai kan allon. Sai allin ya karye, ya bar wani farin tabo can ƙasa da layi, ba a gaban kowace kalma ba. Ya jefar da guntun, ya juya fuska bango. Ranar ba ta yi masa tsiya ba. Ta fahimci wutsiyar nan 'yar ƙarama, wadda yaro ke yi da ƙiftawar ido, ta fi ƙarfin hannun hagun da bai taɓa riƙe komai ba sai katako lokacin da dama ke bugu. Ta kuma kasa rabewa, ƙi yake yi ko kasawa, ko kuwa yana fakewa da ƙin ne don kada a ga kasawar.

Matar da ke zuwa motsa masa hannu ta ce a riƙa ba shi ƙananan abubuwa yana tsinta ɗaya-ɗaya, kamar maɓalli ko wake. Malama ta ce mutumin nan in aka ba shi maɓalli zai ɗauka raini ne. Ta sauka shago ta ɗauko masa abin da ya san hannunsa.

Ta daɗe ba ta buɗe ƙofar ciki ba. Ƙamshin katako da na man goge shi na nan, ya dai yi sanyi. Zartunan na rataye bisa tsawonsu, kowanne da zanen siffarsa a bango don a san inda zai koma. Ga wata kujerar makaranta da ya fara bai gama ba, ƙafafu uku, an jingine ta da bango. A jikin ƙafar teburin aikin akwai tsage-tsagen da ya riƙa yi yana auna tsawon Babba da Auta, har inda Auta ta ƙi tsayawa don ta ga ba za ta kamo yayanta ba. Ga kujerarta, da matashin da ya lotse daidai zamanta. Ta zauna. Hasken yamma na shigowa ta tsagar ƙyaure kamar yadda ya saba, yana faɗa wa gefen teburin inda takan ajiye jan birota. A nan ta yi makin jarrabawar rabin unguwar nan. A nan ya ce mata alamar ruwa biyu, ɗigo a kan ɗigo, ƙusoshi biyu ne da aka buga don rashin yarda da ta farko.

Ta ce a ranta, kalma ɗaya ce fa. In Auta ta zo, ita Malama ta ce mata ta duba da kyau, babu waƙafi, shi ke nan. Ba ƙarya a ciki. Amma ta yi shekaru tana gaya wa yara cewa alamar rubutu ba ado ba ce, muryar mutum ce da ya bari a takarda don lokacin da ba ya nan ya yi magana. Mutum kuma ga shi can sama, yana nan, muryar ce ba ta nan. Ta sunkuya da ƙyar ta jawo gwangwanin madarar.

Hawan ya ba ta wuya. Gwiwarta ta dama ta daɗe tana ƙorafi, amma tun kwanciyarsa abin ya ƙaru, don komai a ƙasa yake: mai kawo ruwa, mai kawo magani, masu zuwa dubiya da ba sa iya hawa sai ita ta sauko ta karɓi gaisuwa. Da can a tashi ɗaya take hayewa. Yanzu sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango, matakalar ta yi shiru, sannan katakon ya ci gaba da kukansa.

Ta juye masa ƙusoshin a faranti. Ya kalle su kamar ya ga tsofaffin abokai. Ranar ya tsinci fiye da yadda matar ta nema, yana ɗaga kowace zuwa haske yana duba inda ta lanƙwashe.

*

Ranar Asabar da hantsi magini ya iso, ya tsaya a ƙofar shago yana duban bango yana ƙwanƙwasawa. Babba ya hau sama, Auta na biye da shi. Suka tsaya a bakin gado, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Allon na kan cinyar Kafinta, farantin ƙusoshi a gefensa.

"Ina Mama?" in ji Auta.

"Ta sauka kai wa magini ruwa," in ji Babba. "Na ce ta bari in kai, ta ce ba ta mutu ba tukuna."

Suka ji ta fara hawowa. Katako ya yi kuka, ya sake yi, ya sake yi. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo fiye da na kullum, har Auta ta juya za ta leƙa. Sannan kukan katakon ya ci gaba, a hankali, har kanta ya bayyana. Ta shigo tana murmushin da bai rufe komai ba, ta zube a kujerar gaban gado, tana murza gwiwa.

"Kada ku kalle ni haka. Ni ma na fara sa waƙafi a hawan bene, shi ke nan."

Ba wanda ya yi dariya. Kafinta na kallonta. Sai hannunsa na hagu ya tashi ya shiga faranti, ya tona, ya ture wannan, ya ture waccan, ya zaro wata 'yar ƙarama mai tsatsa, kanta a sama, ƙasanta ya karkace. Ya kai ta kan allon. Ta zame masa ta gangara cikin bargo. Babba ya miƙa hannu zai ɗauko masa, Malama ta buge hannun. Kafinta ya laluba ya samo abarsa, ya sake ɗagowa, ya kwantar da ita a hankali, ya tura ta da ɗan yatsa har ta zauna a gindin "bari", a tazarar da ke tsakaninta da "a yi".

Sannan ya miƙa yatsan nan, da tsatsa a jikinsa, ya ƙwanƙwasa gwiwar Malama sau biyu, kamar yadda yake ƙwanƙwasa katako ya ji ko gara ta shiga.

"To," in ji shi.

Muryar ba ta sauya ba, a shimfiɗe take kamar kullum. Amma wannan karon Malama ta san wace "to" ce.

Auta ta sa gefen mayafi a fuska. Babba, wanda ya zo da shirin cewa "ai na faɗa", ya rasa inda zai sa idonsa, ya koma duban silin.

"Baba, ka tabbata?" in ji Auta. "Teburin fa? Zartunan fa?"

"Kada ki sa shi maimaitawa," in ji Malama. "Sai da na yi furfura kafin in sami wannan ɗayar." Ta juya ga Babba. "Sauka ka ce wa mutumin ya fara. Amma teburin aikin nan ba inda za shi, a tura shi jikin taga, a kansa za mu riƙa shan shayi. Kujerata ma a bar ta inda take. Sauran ku raba."

Suka fita, Auta na gaba, tana gaya wa yayanta ya bi a hankali da bangon da ke da zanen zarto, shi kuma yana cewa ai ba makaho ba ne.

Malama ta gyara tabarau ta sunkuya kan allon. Ƙusar ta juya baya, wutsiyarta na kallon dama maimakon hagu. Da a aji ne da ta zagaye ta da ja. Ta kai hannu za ta juya ta, sai ta fasa.

"Lanƙwasasshiyar ƙusa a jikin aikinka, Kafinta. Yanzu wa zai sake kiranka?"

Gefen bakin nan ya ɗaga.

Daga ƙasa aka fara jin jan katako a kan siminti. Ta sake karanta jimlar a ranta, ta tsaya inda ya ce a tsaya. A nan ta lura ƙarshenta ba aya, shi da bai taɓa mance aya ba. Guntun allin na nan kusa da hannunsa. Ta ɗauke shi ta sa a aljihun rigarta kada ya buga ayar, ta jawo bargo ta rufe masa ƙafa.